Gwiwar da Gigmai Bai Ɗaga Ba

Mako biyar ke nan da faɗuwar Gigmai a filin wasan Kundiawa, har yanzu hannunsa na dama yana rataye a kafaɗa kamar ba nasa ba. Likitan Goroka ya ce jijiyoyin da suka sauko daga wuya ne suka tsinke, wataƙila yatsun su dawo, wataƙila kuma shi ke nan. 'Ya'yan kofi sun nuna jawur a gona, Rosina matarsa ce ke tsinka ita kaɗai, shi kuwa yana zaune ƙofar gida yana korar aladu da ƙafa. Mutumin da ya shekara tara da riga mai lamba ɗaya a ƙungiyar zari-ruga ta 'Yan Tudu, yau ko gasasshen dankali sai an ɓare masa.

Aikin lamba ɗaya ba na rago ba ne. Shi ne na can baya. In abokan gaba sun rasa hanya sai su cilla ƙwallo sama, bam muke ce mata, su biyo ta a guje, shi kuma ya shiga ƙarƙashinta ya yi tsalle ya cafe. Doka ta ce muddin ƙafarsa ba ta dawo ƙasa ba babu mai taɓa shi, sai dai wanda shi ma ya tashi neman ƙwallon. To amma wa zai dogara da doka yana reto a sama? Shi ya sa tsoho Dilu, kocinsu, yake ta nanata musu tun suna samari cewa in ka tashi ka ɗaga gwiwa ɗaya a gabanka, duk wanda ya shigo maka ya ci karo da ita. Gigmai ya fi kowa iya wannan, haƙoran da gwiwarsa ta zubar a filin nan ba su ƙirguwa.

Ranar da abin ya faru da 'Yan Kwari suke karawa. Aka cilla bam, Gigmai ya tashi, gwiwa ta fara hawa yadda ta saba, sai ya ga wanda ke tahowa. Kawage ne, ƙanen Rosina uwa ɗaya uba ɗaya, wato tambunsa, yadda muke kiran ɗan'uwan matarka ko mijin 'yar'uwarka. Mu kuwa a nan tambu ba abin wasa ba ne. Ba ka kama sunansa, ba ka ƙetare ƙafarsa in yana zaune, balle ka fitar masa da jini a gaban jama'a. Gwiwar tana daidai haɓar yaron, sai Gigmai ya sauke ta. A wannan ɗan ƙyaftawar ya ga idon Kawage sarai, kuma ba sama yake kallo ba, ƙwaurin Gigmai ya zuba wa ido. Ya sa kafaɗa ya kwashe ƙafafun, Gigmai ya juya a iska ya sauko da wuya.

Alƙalin wasa ya ce an tare masa gani, ya tura maganar ga kwamitin ladabtarwa. Kwamiti kuma ya ce ranar Laraba zai ji ta bakin wanda aka ji wa rauni, tambaya ɗaya tak: ƙwallo Kawage ya je nema ko ƙafa? In ƙafa ce, dakatarwar shekara biyu. Ga shi wata babbar ƙungiya a birnin Lae ta aiko wa yaron ya je gwaji ƙarshen wata.

Tun da aka sa ranar, dangin Rosina suka mai da gidan Gigmai wurin zuwa. Wannan ta kawo rake, wancan ya kawo nonon ayaba. Surukinsa tsoho, mahaifin Rosina, ya zo har sau uku, ya zauna ya yi hirar ruwan sama da zaizayar hanya, ya tashi bai ce uffan a kan abin da ya kawo shi ba. Kawage kam ko ƙeyarsa ba a gani ba, kuma wannan ya fi ciwon kafaɗar ci wa Gigmai rai.

Ana gobe zaman Dilu ya hauro tudun yana haki. Bai ko zauna ba.

"Yaro, ni na koya maka tsalle," in ji shi. "Ina bakin layi ina kallo. Ka ɗaga, ka sauke. Me ya shiga kanka?"

"Tambuna ne, Baba."

"Shi fa? Ba a gaya masa kai tambunsa ne ba?"

Gigmai ya dubi yatsunsa da suka fara kanannaɗewa.

"Gobe ka faɗi abin da ka gani," Dilu ya ce. "Kowane ɗan iska a 'Yan Kwari ya zuba ido. In wannan ya sha, Asabar mai zuwa wani za su kwashe, kuma shi ba lallai a ɗauke shi da rai ba."

Da safe Rosina ce ta sa masa riga. Tana ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya, kanta a sunkuye, ta ce, "Baban Klara, ka san shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu."

"Na sani," ya ce. Ya jira ko za ta ƙara wani abu, ko da a kan hannun ne. Ta gyara masa wuyan rigar ta je ɗauko jakarta.

A wani ajin firamare aka yi zaman, manya sun cusa gwiwoyi ƙarƙashin teburan yara. Shugaban kwamiti Umba yana gaban allo, bakinsa ja da buwai, goron da muke taunawa a nan, magatakarda na gefensa da littafi. Kawage na zaune kusa da taga, ya ƙura wa ƙasa ido. Bayansa ubansa tsoho ne da hularsa a hannu, sai Rosina. Dilu kuma na can bayan aji.

Umba ya ce, "To Gigmai, ba za mu wahalar da kai ba. Kai ne a sama, kai ka fi kowa gani. Ina idon yaron nan yake?"

Wallahi amsar tana kan harshensa. Mako biyar yana kwana da ita yana tashi da ita. Ya dubi Dilu, ya dubi tsohon da ke murza hula, ya tuna 'yarsa Klara da za ta girma ba ta da gidan kawu da za ta shiga ta ci abinci.

"Ƙwallo yake kallo," ya ce.

Dilu ya miƙe, kujerar ta faɗi, ya fice bai waiwaya ba. Umba kuwa har da ajiyar zuciya, don shi ma ba ya son rigima da mutanen Kwari. Ya juya ga magatakarda ya ce ya rubuta tsautsayi ne, babu laifi a kan Kawage. Sai kuma ya ga ya kamata takardar ta yi kauri, ya ƙara cewa a rubuta musabbabin raunin shi ne lamba ɗaya ya tashi bai kare kansa ba, kuma a aika wa kowane koci ya ja kunnen 'yan wasansa kada su yi irin wannan sakaci. Gigmai yana zaune yana jin alƙalami na tafiya a kan takarda. Shekara tara yana cafe bam a garin nan, yau sunansa ne za a riƙa kira in ana nuna wa mutane yadda ba a yi.

A waje Kawage ya iso da fara'arsa, ya miƙo hannu. Da ya ga na daman bai motsa ba sai ya wayance ya dafa masa kafaɗar hagu.

"Tambu, na gode fa, Allah ya bar zumunci," ya ce. "Amma kai ma dai, ina gwiwar? Mu da muke koyi da kai. Da ka ɗaga ai da ban iso ka ba."

Da gaske yake faɗa, ko a jikinsa. Bai san an yi masa komai ba. Sunan yaron ya cika wa Gigmai baki, ya so ya kira shi gatsal a gaban ubansa ya haɗa da zagi, amma ya haɗiye.

"A sauka Lae lafiya, tambu," ya ce.

Suka kamo hanyar gida shi da Rosina, tana gaba da jakar saƙa rataye a goshi. Sai da suka bar kwalta suka fara hawan tudu, inda babu kowa sai gonakin dankali, sannan ya tsaya.

"Maman Klara, ke ma kina bakin layi ranar, ko taku goma babu tsakaninmu. Ni dai na riga na faɗi tawa, an rubuta, ba mai canzawa. Tsakanina da ke kawai. Me kika gani?"

Ta tsaya ba ta juyo ba. Shekara tara tana zuwa kallonsa, kuma ita da bakinta ta sha gaya masa cewa in an cilla bam ba ta iya ɗaga kai, wanda ke tahowa kansa kawai take kallo tana addu'a.

"Ƙwallo nake kallo," ta ce.

Ta gyara igiyar jakar a goshinta ta ci gaba da hawa. Ya bi ta a baya, ya riƙe hannun daman da na hagu don kada ya riƙa lilo.