Hatsin Kwana Saba'in

…kuma wai in jira. In jira! Tun hantsi nake kan bencin nan, a ƙofar biro, ofishin masu taimakon manoma cikin garin Tawa, da zangarniyar hatsi guda a aljihu, wai Madam Nafisa tana taro. Kullum taro. Mutanen da ba su san nauyin hauya ba sun rufe ƙofa, sun kunna sanyi, suna tattauna yunwata da gorar ruwa a gaban kowa.

Dubi hoton da suka manna a bango. Manomi yana dariya, haƙora fari fat, riga ba ɗigon gumi. A wace gona aka samo wannan? In na gan shi zan tambaye shi ko ya taɓa jin kukan tsuntsayen jan-baki.

Zangarniya ma nake cewa... sanda ce. Tsuntsaye sun tsince ta tas, ko ƙwaya ɗaya ba su bar mini ta shaida ba. Ita zan ɗora mata a kan tebur, a kan takardun nan nata masu tsabta. Ga irinku, Madam. Ga ci gaban.

Kwana saba'in ya nuna, haka ta ce. Farar mota har garinmu, can bayan Barmu, ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Ƙunshi ashirin na sabon iri, an barbaɗe shi da jar hoda ta magani, gida ashirin. Ni ne shugaban ƙungiya, hannuna aka danƙa wa. Sau uku aka ɗauki hoto, wai hannuna ya rufe rubutun leda. Ta yi ta magana, ta yi ta magana — wa ke sauraren jawabin biro? Ni hulata nake gyarawa.

Gida ashirin! Su wa? Su Tanimu, maƙwabcin gonata, da har yau yake shuka kamar yadda kakansa ya yi? Da na raba musu, wankewa za su yi su daka, su sha fura, su ce gwamnati ba ta da kirki. Ban hana kowa ba. Na dai ce ba a gama tsari ba. Ai irin maganarsu ce ta biro, a bakinsu na koya. Iri mai daraja, hannun da ya san darajarsa... gonata babba na cika da shi, saura na tura ƙarƙashin gado.

Mai gadin nan sai kallon takalmina yake. Kalli da kyau, ƙasar da ke ciyar da kai ce.

Hajaratu, matata, tsaye a bakin rumbu, hannu a ƙugu. "Malam, irin Baba hwa? Kada mu taɓa shi." Damin da mahaifina ya zaɓa zangarniya-zangarniya, shekara da shekaru muna juya shi, ya san duwatsun Adar, ya san ruwanmu mai rowa. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi bai nuna ba, na ce daka. Daka mana! Me za mu yi da tsohon iri? Tuwon kwana shida ya yi. Ta tuƙa, ba ta ci ba.

Kuma sabon irin ya fito, wallahi ya fito. Na kowa yana bununi, nawa ya yi ido. Masu zuwa kasuwar Barmu suna tsayar da jakuna su kalla. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Tanimu ya leƙo ta kan iyaka ya ce, "Muktari, naka ya yi sauri da yawa." Na ce a raina hassada ce.

Sai wata safiya sama ta yi duhu ba hadari.

Jan-baki. Daga ina? Duk na ƙasar nan, har da na ƙasar da ban sani ba. Gwangwanaye a igiya, ni a gabas, Hajaratu a yamma, muna ihu, muna jifa, muna kaɗawa... ka kore su nan su sauka can. Kwana tara. Muryarta ta dishe, har yanzu da hannu take kirana. Gonar Tanimu kuwa, taku biyu tsakani, ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Me zai ci a can? Ba abin da ya nuna a duk karkarar sai nawa.

Na buga wa biro waya. Wai gona guda ba ta isa a tayar da motar feshi ba. Gona guda! To laifin wa ne da ta zama gu—

Bari in gyara zama.

Su ne da laifi. Su suka kawo. Wanda ya kawo abu shi ya san halinsa, ya kamata ya faɗa, ya buɗe baki ya... me ma Madam ta ce ran nan a gindin bishiya? Bayan kwana saba'in ɗin. Akwai abin da ta maimaita, har tana buga leda da tafin hannu. "Ku shibka tare, gari duka, rana guda. In gona guda ta riga nuna..." Na ɗauka irin waƙar nan tasu ce ta haɗin kai. Mai hoto ya ce in ɗaga kai, na ɗaga.

Tare.

Saura na nan ƙarƙashin gado, ja wur, ba ya ciwuwa. Irin Baba mun cinye. Wanda ya rage a gari, jinin wancan damin ne, Baba da kansa ya ba uban Tanimu. Baɗi ke nan sai in tsaya a ƙofar Tanimu, da ƙwarya a hannu, in ce... in ce me?

Ƙofa ta buɗe. Sanyi ya bugi ƙafata. Ga ta, da fara'arta, har ta gane ni.

"Malam Muktari! Sannu da tahiya. Yaya hatsinmu? Gida nawa sunka shibka?"

Hannuna na cikin aljihu, a kan sandar. Ya ƙi fitowa.