Injin da Aka Kwantar

Sati uku ke nan Mu'azu bakanike yana fama da wani ɗan injin yankan ciyawa a tsakar gidan yayarsa Tasalla, kuma sati uku ke nan injin yana raina masa hankali.

Wani mai gadi a unguwar Bastos ne ya kawo masa shi gareji, bayan Baturen gidan ya tattara ya koma ƙasarsu. Injin lafiyarsa ƙalau, ja ɗaya yake tashi. Mu'azu na ganinsa ya tuna da Tasalla. Shekara ashirin tana dakan ƙuli-ƙuli da barkono, tana haɗa wa masu tsiren unguwar Briqueterie yaji, har kafaɗarta ta dama ta ƙi. Likita ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye: ko ta ajiye taɓarya, ko nan da baɗi hannun ko loma ba zai kai baki ba. Mu'azu ya bugi ƙirji ya ce ta ɗauka ta gama daka a duniya.

Matsalar guda ce, amma ta ishi mutum. Sandar da injin ke juyawa ƙasa take kallo, don wuƙar ciyawa aka yi ta. Ita kuwa tsohuwar na'urar niƙan da ya samo, ta gefe ake janta da bel. Dole sai an kwantar da injin a kan haƙarƙarinsa.

Ranar farko da ya kwantar da shi, fetur ya tsiyaye ta karbireta. Ya lanƙwasa guntun bututu ya miƙar da ita tsaye. Rana ta biyu baƙin mai ya bi inda ba a gayyace shi ba, injin ya turnuƙe gidan da hayaƙi har shanyar maƙwabta ta yi baƙi. Njidda tela, wanda shagonsa ke jikin katangar, ya leƙo yana tari.

"Sannu, babban mekanisiyan! Moter kake gyarawa ko sauro kake kashe mana?"

"Koma kan kekenka, Njidda."

"Ni dai kekena bai taɓa cewa a kwantar da shi ba."

Abin ya ci wa Mu'azu rai, don Njidda ko fulogi bai iya kwancewa ba. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙarar turmi da yake ji kowace safiya daga bayan ɗaki, tana yi tana tsayawa. Tasalla ba ta fasa ba, masu tsire ba sa jira.

Ya farke injin gaba ɗaya. Ya gano cewa ɗan abin da ke watsa baƙin mai a ciki ya daina taɓa man tunda aka kwantar. Ya sace cokalin shayin Tasalla, ya yanke, ya ɗaure shi a gindin sandar fistin don ya riƙa ɗibar man yana fesawa. Ya toshe tsohuwar kafar zuba man, ya huda sabuwa a sama ya rufe ta da noti. Ranar Alhamis da hantsi ya haɗa komai, cikin injin a bushe ba ɗigon baƙin mai, saura bel kawai.

A gareji kalma biyu suke da su: fetur esans ne, baƙin mai kuma luwil. Amma Mu'azu bai taɓa yi wa yayarsa Faransanci ba, gani yake rashin kunya ne. Yana sa takalmi zai tafi kasuwar Mokolo sayen bel ya ce, "Yaya, kafin in dawo ki zuba masa mai. Ga shi can gindin bango."

"To, Allah ya kiyaye hanya."

Ya dawo bayan azahar da bel a wuya, gumi sharkaf.

"Kin zuba man?"

"Na zuba, har baki."

Ya ɗaura bel, ya yi bisimilla, ya ja igiya. Injin ya tashi. Ba tari, ba hayaƙi, ko ɗan siriri babu. Mu'azu ya yi ihu har Njidda ya fito da almakashi a hannu.

"Ina hayaƙin, Njidda? Nuna min hayaƙin!"

Tasalla ta zuba ƙuli-ƙuli da hannun hagu, gari ya fara sauka cikin tasa, lukui. Ta sa yatsa ta murza, ta yi dariya, sannan ta kai bakin mayafi ta goge ido. Kwano ɗaya, kwano biyu. Ana cikin na uku sai muryar injin ta canja, ta koma ƙara mai shiga haƙori. Kafin Mu'azu ya kai hannu ya yi gum ya tsaya, wari kamar an bar tukunya a wuta ba ruwa.

Ya ja igiya, ko motsi ba ta yi ba. Ya kwance notin da ya sa, ya tura tsinke, tsinken ya fito a bushe. Ya waiga gindin bango. Kwalbar fetur wayam, gwangwanin baƙin mai kuwa ko buɗe shi ba a yi ba.

"Yaya, wane mai kika zuba?"

"Wanda kake zubawa kullum mana, a tankin nan. Ba shi ba ne?"

Mu'azu ya yar da tsinken. Wa zai yi wa faɗa? Da ya ce luwil da ta tambaye shi mene ne luwil, da ya nuna mata. Njidda ma, da bakinsa ba ya hutawa, sulalewa ya yi ya koma shago.

"Gobe zai tashi?" in ji Tasalla.

"Ba zai tashi ba, Yaya. Ya ƙone."

Ta dubi kwando biyu na ƙuli-ƙulin da suka rage, ta dubi rana. Da la'asar masu tsire ke aikowa.

Mu'azu ya cire riga, ya mirgino turmi, ya ɗauki taɓarya. Bugun farko rabin ƙulin ya watse a ƙasa, na biyu ya sami gefen turmin. Takaici ya sa ya ƙara ƙarfi, ɓarnar ta ƙaru.

Tasalla ta kwance ɗankwalinta, ta rataye hannun dama a wuya da shi, ta miƙo na hagu.

"Kawo, Mu'azu. Asara kake min."