Fiffiken da Labbo Ya Sassaƙa

Shekara biyu kafin Turawa su naɗe tabarmarsu, akwai wani masassaƙi a Isa ana ce masa Labbo. Turmi yake yi, da akushi, da kujerar mata, da ƙotar fartanya. Daga Isa har Sabon Birni ba a taɓa maido masa da aiki an ce ya tsage ba. Yana da wata al'ada da ya gada wurin ubansa: kome ya sassaƙa, ba ya barin hannunsa sai ya gwada shi da jikinsa. Turmi ya kife shi ya hau ya yi tsalle, ƙota ya kafa ta a gwiwa ya ja da iyakar ƙarfinsa. Abin da ya karye ya tafi murhu, abin da ya jure ya tafi kasuwa. Al'ada ce mai kyau. Sai dai mutum in ya shekara talatin ana yabonsa a kan abu ɗaya, kunnensa kan toshe, ya ɗauka duniya duka turmi ce.

Da kaka ta yi, wani Bature ya sauka a bariki don yi wa shanu allura. Mutane ba su wahalar da kansu da sunansa ba, Likitan Shanu suke ce masa. Kwana biyu da zuwansa wani bijimi ya matse masa hannun dama jikin shinge, aka ɗaure hannun aka rataye masa a wuya. Ranar nan da hantsi sai ga tafintansa, Kalilu, a ƙarƙashin inuwar da Labbo ke aiki.

“Baba Labbo, Bature na kiranka. Ya ce a nemo mai wanda ya fi kowa hannu ga itace.”

“In kujera shika so, sai shi jira. Turame ukku ag gabana.”

“Ba kujera ba ta. Jirgin sama na.”

Labbo ya ajiye gizago. Ya taɓa ganin jirgin sama sau biyu, can ƙololuwa, kamar ƙuda. Ya karkaɗe rigarsa ya bi Kalilu.

A barandar bariki Baturen ya buɗe wani dogon kwali da aka aiko masa daga ƙasarsu. Babu jirgi a ciki. Akwai falle-fallen itace fari, an zana musu layuka, da 'yan sanduna sirara, da gam, da reza, da wata takarda mai shara-shara kamar ɓawon albasa. Akwai ɗan inji bai fi ƙwan zabo ba, da farfela kamar ludayi biyu an haɗa su gindi da gindi. Sai wata babbar takarda da aka zana jirgin a kanta, tsawon fiffikensa ya kai gaba guda, wato buɗewar hannu biyu. A gefe kuma ga akwatin ƙarfe mai dogon tsinke da maɓalli ɗaya.

Kalilu ya fassara. Za a shimfiɗa zanen, a yanke kowane guntu bisa layinsa, a kafe shi da allura a inda aka zana, a sa gam. Inji da wayoyi Baturen zai ji da su da hannunsa ɗaya. Itacen ne ya gagare shi. Ya kuma riga ya yi wa Wakili, mai riƙe da garin, alkawari: ranar kasuwa ta sama mutanen gari za su ga jirgin ya tashi a fili, kafin ya wuce Sabon Birni.

Labbo ya ɗauki falle ɗaya. Sai da ya duba hannunsa don ya tabbata yana riƙe da wani abu. Ya danna farce, farcen ya shige. Ya sunsuna, ya ɗan lasa.

“Kalilu, tambaye shi, wanga itace na ko totuwar kara?”

“Ya ce itace na, daga wata ƙasa bayan teku.”

“To wancan akwatin hwa?”

“Da shi aka juya jirgin in shina sama.”

“Ina igiyar?”

“Babu igiya, Baba.”

Labbo ya zagaya akwatin, ya leƙa ƙarƙashinsa. Doki ma da ke da kunne da hankali sai da linzami. Ya karɓi aikin, ba don kome ba sai don ya ga ƙarshen wannan magana.

Kwana uku suka yi suna haɗa gangar jirgin da wutsiya. Abin ya kama ran Labbo. Bai taɓa aiki bisa zane ba. Shi itace yake kallo, itacen ya gaya masa abin da zai zama. Ga shi nan wani mutum da bai taɓa gani ba ya zauna a ƙasarsu ya auna kowane haƙarƙarin jirgin, kuma in ka bi layin sai ka ga guntu ya shiga guntu kamar tare aka halicce su. Ya yi ta jinjina kai. Da suka manna takarda suka shafa mata wani ruwa mai hawa kai, ta bushe ta ɗame kamar fatar kalangu, sai da ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya saurara.

Rana ta huɗu Baturen ya tafi Tozai wurin shanu, da Kalilu. Ya bar wa Labbo fiffike ya tafi da shi gida ya gama. Kafin nan labari ya game gari, kuma ba a cewa jirgin Bature, jirgin Labbo ake cewa.

Fiffiken yana da wata doguwar sanda da ke ratsa shi daga gefe zuwa gefe, ita ke riƙe da haƙarƙarin duka. Labbo ya ɗauko ta, ya juya ta. Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Gwiwa ta ɗago, hannu ya ja, kamar yadda suka saba shekara talatin. Sandar ta ce ƙas.

Bai ji tsoro ba. Daɗi ma ya ji, wai Allah ya tona asirin ruɓaɓɓen itace tun a ƙasa. Ya shiga rumbun itacensa ya zaɓo ƙirya busasshiya, wadda gara ke gani ta canza hanya. Ya fere ta daidai kaurin waccan, ya goge ta har tana sheƙi. Ya kafa a gwiwa, ko gezau. Da ya ga akwai sauran wuri, sai ya ƙara wata a bayanta, don alheri. Ya rufe da takarda, ya shafa ruwan nan.

Sodangi baduku, taubashinsa ne, ya leƙo ya same shi yana sha'awar aikinsa.

“Bawana, an ce kai za ka kai mu Makka bana.”

“Kai dai ko jaki ya ɗauke ka sai ya yi nishi. Tahi ka ɗinke takalman mutane.”

“Za ni tahi. Amma ranar kasuwa gaba-gaba za ni tsaya, in ga ko turmi na tashi.”

Da Baturen ya dawo suka fita bayan bariki da safe don gwaji, su uku. Ya ɗaga fiffiken da hannun hagu, ya ɗan yamutsa fuska, ya ce ko gam ya yi yawa. Aka ɗaure shi jikin gangar. Kalilu ya kaɗa farfela, injin ya kama kuka kamar zirnaƙo a cikin tulu. Ya ruga da jirgin bisa kansa ya sake shi. Jirgin ya yi taku goma a iska, irin tashin kazar da aka kora, ya dangwara da ƙasa. Farfela ta tsaya.

Labbo ya riga kowa isa. Ya shafa fiffiken daga gefe zuwa gefe.

“Hwaɗa mai bai karye ba.”

Baturen ya ƙaraso. Ya kwance fiffiken ya ɗaga shi saitin rana. Ta cikin takardar ga haƙarƙari farare, ga baƙaƙen sanduna biyu kwance kamar macizai. Ya yi wata gajeriyar tambaya.

“Ya ce ina tashi sandar?”

Nan Labbo ya ga hanyar ƙarya a buɗe, ya iya cewa a karye ya same ta. Amma girma ya hana shi, kuma wannan shi ne amfanin girma. Ya faɗi yadda aka yi, bai rage kome ba. Baturen ya yi ja har kunne, ya yi magana mai tsawo. Kalilu ya tauna ta ya ba da kaɗan.

“Ya ce ba ƙarhi aka so ba, rashin nauyi aka so. Wata sandar kuwa sai an yi wata biyu ba ta iso ba. Za shi aika wa Wakili a hwasa.”

A fasa, bayan duk garin ya ce jirgin Labbo. Ba za a ce bijimi ya karya hannun Bature ba, za a ce Labbo ya kashe jirgi.

“Roƙe shi ya ba ni kwana ukku. In na kasa, ni za ni tahi gun Wakili da ƙahwata.”

Baturen ya yarda. Labbo ya koma gida da fiffiken, ya lalubo guntaye biyu na sandar da ya karya, Allah ya sa ba su kai ga murhu ba. Ya yage takardar, ya cire ƙiryarsa. Sa'an nan ya zauna da tambayar da ya kamata ya yi tun farko: a cikin itatuwan ƙasar nan, wanne ne ya fi kusa da wannan? Ya fere marke, ya fere aduwa, ya fere gawo. Yana ɗaga su a tafin hannu, amma hannun da ya saba da turmi ba ya rarrabe nauyin tsinke da tsinke.

Matarsa Tasalla tana kaɗi a gefe, tana kallonsa tun azahar.

“Malam, hannunka ba shi auna wanga. Ara maka ma'aunin audugata za ni yi.”

'Yan ƙore biyu ne rataye da zare a kan kara, da su take auna auduga da dutse kafin ta kaɗa. Da a jiya ne, da ya ce aikin maza ba na mazari ba ne. Yau karɓa ya yi. Ya sa guntayen Bature a ƙwarya ɗaya, marke a ɗaya. Marke ya ja ƙwaryarsa ƙasa kamar an kira shi. Aduwa haka, gawo haka. Ya gwada karan dawa, ya yi sauƙi, amma yana lanƙwasawa kamar bulala.

Washegari ya fita bayan gari yana bin itatuwa ɗaya ɗaya, yana karya reshe yana leƙa cikinsa. A bakin wani tsohon kufai ya tarar da tumfafiya ta bushe a tsaye. Tumfafiya, wadda akuya ma ba ta kula ta, wadda bai taɓa ɗora wa gizago ba tun da aka haife shi. Ya karya reshe, ya ga cikinsa da rami, ya ji ba nauyi. Ya waiga ko wani na kallonsa, ya saro guda huɗu.

Ya tsaga, ya fere da reza, ya aza a ma'auni. Ƙwaryar ta sauka kaɗan. Ya ƙara fere, ya sake azawa. Ya yi haka har sau bakwai, sai ƙoren biyu suka tsaya kusan kai ɗaya. Ya riƙe sandar, gwiwarsa ta fara ɗagowa da kanta.

“Malam,” in ji Tasalla.

Ya mayar da ƙafar ƙasa. Ya lanƙwasa sandar da yatsu biyu kawai, ta ba da kaɗan ta dawo. Ya sa ta a fiffiken, ya rufe da sauran takardar. Bai san ko za ta riƙe ba, kuma babu hanyar sani sai a sama, gaban jama'a.

Ranar kasuwa fili ya cika, har Fulanin da suka kawo shanu allura suka jingina da sandunansu suna jira. Wakili na zaune bisa buzu. Sodangi kuwa gaba-gaba, kamar yadda ya ce. Kalilu ya kaɗa farfela, ya ruga, ya saki. Jirgin ya nutsa har ya kusa shafar ciyawa. Sai ya ɗaga hanci. Ya wuce tsayin mutum, ya wuce kan tsamiya, ya yi ta hawa yana kuka, rana na ratsa fiffikensa. Mata suka rangaɗa guɗa. Shanu suka watse, masu su suka bi su da gudu suna waige.

Baturen ya danna maɓalli, jirgin ya karkata dama. Labbo ya matso, ya wuce da hannunsa ta saman tsinken akwatin, ya sake wucewa ta gabansa. Babu ko silin gashi. Baturen ya yi dariya, ya kama yatsan Labbo ya aza a maɓallin. Labbo ya danna. Can sama, nesa da kowane hannu, abin ya juyo.

“Kalilu, wa ya hwaɗa mai in ji ni?”

“Iska ka kai saƙon, awa rediyon gidan Wakili.”

“Rediyo magana shikai, mu ka ji. Cikin wanga wa ka ji?”

Kalilu ya ɗaga kai ya ci gaba da kallon jirgin.

Da mai ya ƙare injin ya yi shiru, jirgin ya sauko sannu ya kifa hanci a wata gonar gyaɗa. Takarda ta yage wuri biyu, sandar tana nan lafiya. Jama'a suka kewaye Labbo. Sodangi ya kutsa ya leƙa ta yagewar.

“To bawana, ka hita. Wanga wane itace na? Na Ingila?”

“Tumfafiya ta,” in ji Labbo, da muryar da kowa zai ji. “Na Ingila ni na karya shi da wautata. Ma'aunin kuwa na Tasalla na.”

Aka yi dariya sosai, shi ma bai hana ba. Sunansa bai ragu da ƙwayar gero ba don ya faɗi haka, abin da masu ɓoye kuskure ba su taɓa ganewa ke nan.

Da safe ana ɗora kayan Bature a mota, sai ga Labbo da 'yar jakarsa. Ya ce wa Kalilu takardar nan tana son mai liƙe ta, kuma hanyar Sabon Birni gargada ce, fiffiken yana son mai riƙe shi. Baturen ya dube shi, ya nuna masa bayan mota. Labbo ya hau ya zauna kusa da akwatin ƙarfen, ya rungume fiffiken a ƙirji. Ba su fita gari ba ya sunkuyo ta taga.

“Kalilu, tambaye shi, in mun isa, ko ana iya buɗe wanga akwati a ga cikinai?”