Silifa a Gonar Inabi

A Broken Hill, garin masu haƙar ma'adinai, babu wanda zai ce maka ya taɓa ganin yatsun ƙafar Warwick Pengilly. Mutum ne da ko shara zai fitar sai ya zura takalmin aikinsa, kuma kafin ya zura sai ya kife shi ya bubbuga, don garinsu garin macizai ne. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin haƙar ma'adinai bai mutu ba, bai ga dalilin da zai sa ya je ya mutu a bayan gidansa ba. Amma hutu yakan sa babba ya koma yaro. Washegarin saukarsu birnin Adelaide don hutu, shi da matarsa Glenys, ya shiga wani shago a bakin tekun Glenelg ya fito sanye da silifa shuɗiya, ƙafafun nan farare fat kamar an fere rogo.

"Waz, don Allah rufe ƙafafun nan, kana tsorata 'ya'yan mutane," in ji Glenys, don haka take kiransa.

"Hassada ke cin ki, tsohuwa. Kin ga waccan matar? Tun ɗazu take kallona."

"Tana tunanin ko ta kira maka likita ne."

Haka suka yi ta yawo, silifar na bin ta a baya, fas, fas, fas. Sun hau gadar katakon da ta shiga cikin teku, sun ci soyayyen kifi da dankali a takarda, tsuntsayen teku sun ƙwace masa rabin nasa yana zaginsu. Glenys ta yi dariya har da hawaye. Sai dai ko a cikin dariyar, duk mashayar da suka gifta sai ta saci kallon fuskarsa.

Warwick ya bar giya shekara goma sha wani abu da suka wuce. Kafin nan giya ta ci musu mota, ta kusa cin gida, ta sa 'yarsu ta daina kawo ƙawaye. Ranar ƙarshe Glenys ta ajiye akwatinta a bakin ƙofa ta ce masa, in ya sake kai kwalba bakinsa ko sau ɗaya ne, ba za ta yi faɗa ba, ba za ta yi kuka ba, tafiya kawai za ta yi. Bai sake ba. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma tsoron nan bai taɓa barin ta ba, kwanciya kawai ya yi.

Shi ya kawo shawarar su je McLaren Vale, wajen gonakin inabi inda ake yin giya a ba baƙi su ɗanɗana. Ta ce a'a. Ya ce haba, kowa ya san tsarin: in miji da mata za su zaga gonakin nan, ɗaya ya ɗanɗana, ɗaya ya riƙe makulli.

"Ke ki sha, ni in tuƙa. Direba kyauta, ga kyau, ga silifa. Me kuma kike nema?"

Gona ta ukun da suka tsaya ƙarama ce, a kan tudu, ta wata mata mai suna Concetta. Zafi ya yi zafi, iska kuma na kaɗawa daga arewa. Suna fitowa daga mota iska ta fizge malafar Glenys ta wurga ta can ƙasan gangare, tsakanin layukan inabi, inda busasshiyar ciyawa ta kai ƙwauri. Warwick ya bi ta da gudu-gudu, ya dawo yana kaɗe ta a cinyarsa, yana ɗan sosa idon sawunsa da ɗaya ƙafar.

"Me ya same ka?"

"Kara ne ya karce ni. Shiga abinki, ni ina can ƙarƙashin bishiyar nan."

Dama ba ya shiga inda ake zuba giya, warin ne ba ya so. Ya gangara wajen wani benci a inuwa, nesa da ginin, inda wasu baƙi da suka zo a bas suka tashi ba da jimawa ba. Wayarsa na cikin jakarta, don ita ke ɗaukar hoto.

A ciki akwai sanyi. Concetta mai surutu ce, ta zuba mata wannan, ta zuba mata wancan, ta yanko mata cuku da zaitun, ta ba ta labarin kakanta da ya dasa inabin farko. Glenys ta saki jiki, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta sayi kwalba biyu da za ta kai wa 'yarta, ta fito tana murmushi.

Murmushin bai kai ƙasan gangare ba.

Warwick na zaune a ƙasa, ba a kan bencin ba, ya jingina da bishiya, ya miƙe ƙafafu. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Ya yi amai a gefensa. A kan teburin da ke bayansa ga kofunan giya nan birjik, wasu da saura a ciki, ɗaya kuma ya faɗo ya kife kusa da hannunsa. Ya ɗago ya dube ta da idanun da ba sa tsayawa wuri ɗaya.

Ta san wannan zaman. Ta san wannan gumin, da wannan kallon. Ta sha tarar da su a ƙofar gida, a bayan mashaya, har sau ɗaya a harabar makarantar 'yarsu. Abin da ta yi shekaru tana jira ya iso, kuma a wurin da ta yarda aka kawo ta.

"Glen," ya ce, muryar can ƙasa. "Tsaya ki ji. Ban sha ba."

"Haka ka ce wancan karon ma."

"Glen, ƙafa..."

"Kada ka ce min komai! Kada ka kuskura!" Ta sunkuya ta zare makullin mota daga aljihun rigarsa. "Na gaya maka abin da zan yi. Na gaya maka, Warwick. Ka zauna nan da kofunanka, ni na tafi."

Ta juya ta kama hawan tudu. Ya kira sunanta, ya ƙara wata magana da iska ta kwashe, ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya za ta yi kukan da ta rantse ba za ta yi ba. Can sai ta ji ƙarar nan a bayanta. Fas. Fas. Ya tashi yana bin ta. Ta ƙara sauri. Ba ta son mutanen da ke baranda su ga da wa ta zo. Gangaren da tsawo, rana na dukan ƙeyarta, silifar na biye, tana jan ƙasa, tana tsayawa, tana ci gaba. Suka wuce layukan inabi, suka wuce gangunan da aka jera, suka hau tsakuwar wurin ajiye motoci.

Sai ƙarar ta ɗauke.

Ba ta ji faɗuwarsa ba, shirun ne ya sa ta juya. Yana kwance rub da ciki a kan tsakuwa, silifa ɗaya ta fita. Daga baranda wani saurayi ya yi dariya ya ce, "Kai, baba ya ɗanɗana da yawa!" Abokansa suka tafa.

Glenys ta dawo da niyyar ta ja shi cikin mota ko ta halin ƙaƙa. Da ta durƙusa sai ta ga jini. Daga idon sawunsa yake fitowa, siriri, tsararo kamar ruwa, ya bi ta ƙarƙashin ƙafa ya jiƙa silifar da ta rage. Karcen ba wani karce ba ne, 'yan ɗigo biyu ne da ɗan ja a gefe, amma tun ɗazu ya kamata a ce ya bushe. Ta juyo da fuskarsa. Dasashinsa ma jini yake yi. Ta kai hancinta bakinsa. Warin amai ne kawai da ruwan lemon da ya sha a mota.

Duk ɗan Broken Hill ya san maciji mai ruwan ƙasa. Saransa ba ya zafi, kana iya cewa kara ne. Ba ya kumbura. Jini kawai yake hanawa daskarewa, sannan ya kayar da mutum. Kuma tun suna 'yan firamare ake rera musu abu ɗaya kamar karatu: wanda aka sara kada ya motsa, kada ya taka ko taku ɗaya, don tafiya ce ke tura dafin cikin jiki. Glenys ta waiga ta dubi bishiyar can ƙasa, ta dubi tsawon hanyar da ya biyo.

Ihun da ta yi ya sa dariyar baranda ta mutu.

"Maciji! Maciji ne ya sare shi! Ku kira motar asibiti! Concetta, bandeji!"

Concetta ta fito a guje da akwatin taimakon gaggawa da kowace gona ke ajiyewa a ƙarƙashin teburin sayarwa. Wata mata ta miƙo gorar ruwa za ta wanke ciwon, Glenys ta buge hannunta. "Kada ki wanke!" Ta fara naɗa bandejin tun daga yatsu, da ƙarfi, tana hawa sama, ƙwauri, gwiwa, har cinya. Bandejin ya kuɓuce mata ya gangara, ta rarumo shi. Saurayin da ya yi dariya ya cire kunya ya kawo katako aka ɗaure ƙafar don kada ta lanƙwashe. Fuskarsa ta yi fari, sai "yi haƙuri, Mama" yake ta maimaitawa.

Concetta na riƙe da waya a kunne. "Suna tambaya, ya yi tafiya bayan saran?"

Glenys ta duƙa tana gyara ƙullin bandejin.

"Baiwar Allah, suna jira. Ya yi tafiya?"

"Ya yi," ta ce. "Daga can ƙasa har nan."

Concetta ta dubi gangaren, ta dubi Glenys, ta faɗa musu a waya.

Jiran motar nan shi ne abu mafi tsawo da Glenys ta taɓa yi. Ta ɗora kansa a cinyarta, ta kare masa rana da malafar da ya je ɗaukowa. Numfashinsa ya yi sama-sama, yakan ɗauke har sai ta jijjiga shi sannan ya dawo. Ta sa yatsu a wuyansa tana laluben bugun jini, wani lokaci ta samu, wani lokaci nata take ji. Tsoro ya cika ta har ba ta jin zafin tsakuwar da ke cin gwiwoyinta. Ta yi ta yi masa magana, maganar banza, ta famfon kicin da ya ce zai gyara, ta karensu da suka bar wa maƙwabta.

"Waz, kada ka yi min haka. Ka ji ko? Wa zai tuƙa ni gida? Ka san ba na ganin hanya da yamma."

Jini ya fara ɓullowa ta cikin bandejin, ɗan tabo ja da ke faɗaɗa a hankali.

A motar asibiti ba ta ga komai ba sai bayan ma'aikaciyar da ta duƙa a kansa. A asibitin aka shige da shi, aka bar ta a kan kujerar roba da silifa ɗaya a hannu, ba ta ma san lokacin da ta ɗauko ta ba. Wani likita ya fito ya ce sun ba shi maganin dafin, amma jinin bai fara kamawa ba tukuna, kuma ƙodarsa ce abin dubawa. Ya ce bandejin ya yi kyau, wanda ya naɗa ya iya. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Sai washegari da hantsi Warwick ya buɗe ido sosai. Ya yi zuru-zuru, robobin ƙarin ruwa a hannu biyu, duk inda aka soka allura ya yi baƙi. Ya juyo ya dube ta.

"Ban sha ba, Glen."

"Na sani."

"Kofunan mutanen bas ne. Hannuna ne ya ture ɗaya da zan zauna."

"Na sani, Waz. Yi shiru ka huta."

Ya lumshe ido, ya sake buɗewa. "Ina takalmina na gida? Wallahi na tuba da silifa."

Ta yi wata dariya da ta fi kama da tari. Ta gyara masa bargo, ta gyara abin da bai buƙaci gyara ba, sannan ta tambayi abin da ya hana ta runtsawa.

"Da kake zaune a gindin bishiyar nan, ka san ko mene ne?"

"Sai da kaina ya fara sara min na gane. Na ce, kai Warwick, ka yi wauta, wannan ba kara ba ne. Na yi kira, ba wanda ya ji. Sai na zauna a ƙasa na miƙe ƙafar, na ce ba zan motsa ba sai Glen ta fito, ita ta san abin yi."

"Ka san bai kamata ka taka ba."

"Wa bai sani ba?"

"To don me ka tashi? Don me, Warwick? Da ka bar ni na tafi, ai da wani ya gan ka!"

Ya dube ta da mamaki, kamar ta tambaye shi sunansa.

"Kin ce kin tafi," in ji shi. "Kuma na san ki, ba kya faɗa sau biyu."

Glenys ta kifa goshinta a kan hannunsa mai robobi, ta yi kukan da ta rantse ba za ta yi ba.