Mai Gadin Ɓaure

Hajiya Juwairiyya ta ɗaga gefen gidan sauron da ta lulluɓe ɓauren da shi, ta tsaya tana kallo. Jiya da la'asar guda tara ta bari sun nuna har sun fara tsagewa, yanzu biyar suka rage. Gidan sauron ko huda babu. Duwatsun da ta danne bakinsa da su suna nan, an ma jera su da kyau fiye da yadda ta jera.

Irin ɓauren ƙasar Larabawa ne. Shekara uku ke nan da wata maƙwabciya ta ba ta reshensa, ta dasa a bayan ɗaki a gidansu na unguwar Damba. Ta raine shi da ruwan wankin shinkafa da takin kaji, ta riƙa zuba toka a gindinsa saboda gara. Bana ya fara 'ya'ya sosai, har ta yi wa autarta Wasila, mai cikin wata bakwai a Tsafe, alkawarin kai mata ranar Juma'a. Ga shi yau Alhamis.

Mijinta, Malam Arzika, tsohon malamin makaranta, yana kan tabarma yana jin rediyo. Tun da likita ya ce yana da ciwon suga ta raba shi da duk wani abu mai zaƙi, shayinsa ma lami yake sha. Shi ya ɗora wa kansa gadin ɓauren, kuma kullum da ɓarawon da yake kamawa da baki. Ya ce tsuntsaye ne, ta kawo gidan sauro. Ya ce kurege ne, ta kawo duwatsu. Yau kuwa biri ne, ƙato, mai jan gashi. Da ta tambaya ina biri a tsakiyar Gusau, ya ce ai daga dutsen Kwatarkwashi suke biyo motocin itace.

Tana saurarensa tana kallon ƙwayoyin ɓaure biyu maƙale a gemunsa.

"Allah sarki, birin nan ya ba ni tausayi," in ji ta. "Jiya na sa sirinji na ɗura maganin ɓera a guda huɗu."

Malam ya rage muryar rediyo. "Waɗanne huɗu?"

"Waɗanda suka fi nuna."

Ta ɗauki tsintsiya ta kama shara. Can ya tambaya, kamar don neman ilimi, yadda maganin yake fara aiki. Ta ce mai sayarwa ya ce da gumi yake farawa, sai bushewar baki. Ya sa hula ya share goshi. Ba a jima ba ta tarar da shi a madafa, ya kafa kai a kwalbar manja. Ya ce maƙogwaronsa ne ke ƙaiƙayi, ya kuma ga ya kamata ya je a auna masa hawan jini yanzu-yanzu. Ta ce ba za ta bar shi ya tafi shi kaɗai ba, ta zari mayafi.

A cikin adaidaita ya faɗa mata inda takardun gida suke. Da suka zo Sabon Gari ya roƙe ta ta yafe masa duk abin da ya taɓa yi mata. Nan dariyar da take dannewa ta koma ciki, ta ji wasan ya fara yi mata nauyi. Suna sauka a ƙofar asibiti ya riƙe gefen mayafinta.

"Hajiya, ni ne birin. Kuregen ma ni ne."

"Na sani, Malam. Ni ma ban sa komai ba."

Ya daɗe yana kallonta, manja na ƙyalli a leɓensa. Ya juya zai tare abin hawa, ta ce tunda an zo sai an auna sugan. Aka auna, sugan ya hau. Ma'aikaciyar jinya, sa'ar jikarsa, ta yi masa faɗa son ranta, kansa a ƙasa.

Sai bayan azahar suka dawo. Tun daga zaure suka ji hayaniya. Da suka zagaya bayan ɗaki, tsuntsaye suka tashi fir. Gefen gidan sauron yana rataye a reshe, yadda ta ɗage shi da safe. Huɗu sun zama ɓawo, na biyar an cinye rabinsa.

Malam ya yi gyaran murya. Ya tambaya, a hankali ƙwarai, wa ya bar gidan sauron a buɗe.

Ta tsinke ragowar, ta yanke inda aka tsattsaga, ta raba biyu, ta miƙa masa ƙaramin. Sannan ta ciro waya daga jaka ta ɗora masa a tafin hannu.

"Kai za ka kira Wasila," in ji ta. "Ka fi ni iya tsara labari."