Gaisuwar Baba Martin a Faifan Dokta Uba

A shekarar 1977, shekara guda bayan an buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, wata kwalejin horon malamai da ke Samaru ta karɓi kaya biyu daga ƙasar waje cikin wata ɗaya: na'urar ɗaukar hoton bidiyo, da Dokta Uba. Na'urar ta fi shi nauyi, shi kuma ya fi ta ƙara. Shekara uku kacal ya yi a can, amma ya dawo yana yi wa tuwo kallon baƙo. Ya sanar da cewa zamanin alli da allo ya wuce. Daga yanzu ɗaliban ajin ƙarshe za su ɗauki fim da hannunsu, su koyar da shi a gaban sufeto, kuma a kan wannan za a yanke musu ci ko faɗuwa.

Faifan na'urar minti ashirin yake ɗauka, baƙi da fari. Ɗalibai biyu-biyu ake bai wa aronta, na yamma ɗaya tak. Doka kuwa ɗaya ce, Dokta ya kafa ta yana buga tebur: "A kunna tun daga bakin ƙofa, kada a kashe sai faifai ya ƙare. Rayuwa ake kamawa yadda take. Haka ake yi a can."

Zubaidatu, 'yar Soba, ta riga ta faɗi gwajin koyarwa bara saboda jinya, kuma wanda ya faɗi sau biyu sallamarsa ake yi. Aka haɗa ta da Chukwuka, haifaffen Sabon Gari, shi zai riƙe na'ura, ita za ta yi tambaya. Darasinsu na tarihi ne, a kan ƙaramin jirgin ƙasa da ya riƙa zirga-zirga tsakanin Zariya da Bukuru har aka rufe hanyar a watan Satumba na 1957. Chukwuka ya san wani tsohon direbansa a unguwar Muchia, Baba Martin, wanda ya bar Zariya a rikicin 1966, bai dawo ba sai bayan yaƙin basasa.

Suka isa bayan la'asar. Chukwuka ya kunna na'ura a bakin ƙofa, kamar yadda aka umarta. Zubaidatu ta cire takalmi, ta durƙusa. Aka yi ina wuni, ina gajiya, ina ruwa, aka kawo ruwan sha, domin ba a faɗin abin da ke tafe da baƙo da busasshen maƙogwaro. Sannan tsoho ya dube ta, ya yi tambayar da kowane dattijo zai yi.

"'Yar gidan wa ce ke?"

"Jikar Ahmadu Mai Tanki ce, Baba, na Soba."

"Kai! Ahmadu da ke cika min tankin ruwa a tashar Soba? Ashe amaryata ce ta zo, ba a gaya min na sa sabuwar riga ba! Yana nan kuwa?"

"Ya rasu, Baba. Shekara tara ke nan."

Tsoho ya cire hularsa, ya yi mata ta'aziyya cikakkiya, ita kuma ta amsa cikakkiya. Chukwuka ya leƙo ta bayan na'ura ya raɗa mata, "Zubaida, faifai fa yana tafiya." Ta ji shi sarai. Amma ba a haifi 'yar da za ta katse ta'aziyyar kakanta daga bakin abokinsa ba.

"To, Nana mai fura ta Dutsen Wai fa? Wadda ke miƙo min ƙwarya tana tafe a ƙasa, don jirgin namu bai fi ta sauri ba?"

"Ita ma ta rasu."

Aka sake ta'aziyya. Ya tambayi labarin limamin Rahama, inda layin dogo ya fara tsayawa kafin a ƙarasa shi. Ya tambayi labarin wani mai ɗaga wa jirgi tuta a Jengre. Da ta ce ba ta san shi ba, sai ya gyara zama ya bayyana mata ko wane ne: mutumin da ke tsayawa a gindin hawa, inda inji ke nishi kafin Jos, inda buhunan kuza ke gangarowa. Haka ya bi hanyar tasha-tasha yana neman mutanensa, har Bukuru. Da ya gama, ya share ido, ya ce, "To, amarya, me ke tafe da ku?" Ta faɗa. Ya yi gyaran murya, ya ce, "A shekarar 1912…" Faifai ya ƙare.

Washegari Dokta Uba ya kalli fim ɗin a ofishinsa, yana kaɗa ƙafa.

"Wannan darasi ne ko zaman makoki? Minti goma sha tara na sannu-sannu! Abin da ya hana ƙasar nan ci gaba ke nan, gaisuwa."

"Ranka ya daɗe, kai ka ce a kunna tun daga ƙofa," in ji Chukwuka.

"Na ce a kunna, ban ce a durƙusa ba."

Zubaidatu ta roƙa a ƙara musu aron na'ura na yamma ɗaya. Ya ce tsari tsari ne, kuma gwajinta jibi ne.

Ranar gwaji aka jera 'yan aji biyar na firamaren kwalejin a gaban akwatin talabijin. Sufeto Malam Umaru, wanda ya shekara talatin yana duba makarantu a kan keke, ya zauna a baya. Dokta ya zauna kusa da shi, ya riga ya shirya fuskar tausayi. Zubaidatu ta ɗauki alli, abin nan da aka ce zamaninsa ya wuce, ta ja dogon layi a allo, ta rubuta Zariya a bakinsa.

"Za ku ji wani tsoho yana tambayar abokansa," ta ce wa yara. "Duk wanda ya ji sunan gari, ya ɗaga hannu."

Aka kunna. Da aka ambaci Soba hannuwa suka tashi, Chukwuka ya tsayar da na'ura, ta sa ɗigo a layi.

"Me Ahmadu yake zuba wa jirgi?"

"Ruwa, Malama!"

"Me jirgi zai yi da ruwa?"

Daga nan aka shiga zancen tururi da gawayi. A Dutsen Wai yara suka kwashe da dariya, jirgin da mai fura ke tsere da shi. A Jengre wata yarinya ta tambayi mene ne kuza, da inda ake kai shi. Kafin a buga ƙararrawa allo ya cika, kuma aji duka yana jera tashoshin da ka, daga Zariya har Bukuru.

Malam Umaru ya rubuta ci, ya sa hannu. Sannan ya juya ga Dokta ya ce, "Wa ya koya mata wannan dabara?"

Dokta Uba bai ko ƙifta ido ba. "Tsarina ne. Da gangan na ce a kunna tun daga ƙofa."

A shekarar da ta biyo baya ya mai da abin doka: kowane fim sai ya fara da gaisuwa ta aƙalla minti goma sha biyar. Ɗalibai suka yi ta durƙusa wa dattawan ƙauyen Bomo da ba su san kakanninsu ba, suna dawowa da faifai cike da lafiya lau, lafiya lau. Faifan Baba Martin kuwa, da faya-fayai suka yi ƙaranci, Dokta ya goge shi ya ɗauki laccarsa a kai, mai taken muhimmancin adana tarihi.

Zubaidatu tana Soba a lokacin, tana koyar da aji biyar. Layin nan tana jan sa kowace shekara, da alli.