Kaskon Kabarin Amma

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji uku na bar makaranta, kuma ni ko a gida ba a cika jin muryata ba. Amma abin ya ƙi sauka daga ƙirjina.

Ni ce mai shara da dafa shayi a firamaren ƙauyenmu, nan lardin Sindh. Ƙanwata Sughra tana aji huɗu. Sabon malaminsu, Allah Dino, wanda muke kira Sain don girmamawa, ɗan birni ne. Ya haƙa rami a gindin dalbejiya, ya binne wasu abubuwa, ya raba wurin gida-gida da zare, ya ba yara cokula da tsofaffin buroshin haƙori, wai su koyi yadda ake tono kayan mutanen da. Dokarsa ɗaya: kada a ɗaga abu sai an zana inda yake, an tambaya na waye, me ya yi da shi.

Na kawo shayi ke nan Sughra ta share ƙasa daga kan wani katanga na fasasshen kasko. Layi uku shuɗɗa a bakinsa, na tsakiya a karkace. Ni na zana su. Kaskon da ke kan kabarin mahaifiyarmu Amma ne, wanda duk Alhamis nake cika wa tsuntsaye da ruwa don ladan ya kai mata. Kwana tara ina nemansa, har na yi wa awakin mutane Allah ya isa.

Sain ya ɗaga shi yana murmushi, ya ce wa yara su ɗauka matar da ta yi amfani da wannan ta mutu shekara dubu huɗu da suka wuce.

"Bara ta rasu, Sain," na ce.

Ya ce shi a kan wani tudu ya tsince shi a bushe, babu dutse, babu suna, ya ɗauka yasasshe ne. Ya fasa shi da kansa don ya yi kama da na da.

"Kai ka ce a tambaya na waye. Wa ka tambaya?"

Ya fara cewa zai saya min sabo a kasuwar Larkana, mai kyau. Na ce a Larkana ana sayar da wanda Amma ta sha ruwa a ciki? Na dire tiren shayin a ƙasa.

Sughra ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da tono, sauran suka bi ta. Guda goma sha ɗaya suka fito da su, suka liƙe da kwaɓaɓɓen fulawa. Ɗaya bai fito ba, rami ya rage a gindi. Ba zai sake riƙe ruwa ba.

Da gari ya waye ban je shara ba. Na kai kaskon kabari, na toshe ramin da ganye, na zuba gero a ciki. Ruwan kuma na zuba a kofin shayin Sain da na taho da shi jiya, na ajiye a gefe.